Yadda Ake Maido da 'Yancin Zaɓe da na Riƙe Bindiga Bayan Kammala Hukunci a Amurka

A Amurka, wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, wato abin da takardun shari'a ke kira felony, ba ya gama biyan bashinsa ranar da aka buɗe masa ƙofar gidan yari. Yakan rasa damar jefa ƙuri'a da damar riƙe bindiga, a jihohi da dama har da damar tsayawa takara ko zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Ƙungiyar Sentencing Project ta ƙiyasta cewa a zaɓen 2024 kimanin mutum miliyan 4 ne doka ta hana yin zaɓe saboda wannan dalili, kuma mafi yawansu ba sa tsare, suna cikin gari suna aiki suna biyan haraji.

Ana iya maido da waɗannan haƙƙoƙi, amma hanyoyinsu biyu ne daban. Zaɓe yana hannun jihar da kake zaune a yau. Bindiga kuwa tana hannun jiha da gwamnatin tarayya a lokaci ɗaya, kuma sai dukkansu sun sake ka. Mutane da dama sun koma kurkuku ba don sun yi niyyar karya doka ba, sai don sun ɗauka samun ɗaya ya haɗa da ɗayan, ko sun dogara da maganar baka ta wani ma'aikaci. Don haka kowane mataki a nan yana ƙarewa ne da takarda a hannunka.

Kafin komai: kana da takardar zama ɗan ƙasa?

Wannan tambaya ta fi shafar 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya, Nijar ko Gana. Mai katin zama na dindindin ba ya zaɓen tarayya, ko da bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Fom ɗin rajistar zaɓe yana sa mutum ya rantse cewa shi ɗan Amurka ne, kuma yin wannan rantsuwa bisa ƙarya na iya jawo kora daga ƙasar da kuma toshe hanyar zama ɗan ƙasa. Idan ba ka riga ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, ka tsallake sashen zaɓe gaba ɗaya, ka nemi lauyan shige da fice kafin ka taɓa duk wata takarda. Ka kuma sani cewa ko jiha ta share maka laifi daga rajistarta don ka gyara hali, hukumar shige da fice takan ci gaba da lissafa shi a matsayin hukunci.

Mataki na 1: Tattara takardun shari'arka

Kada ka dogara da abin da ka tuna. Je ofishin magatakardan kotun da ta yanke maka hukunci, ka nemi kwafin hukuncin mai ɗauke da hatimin kotu. A ciki za ka ga sunan laifin, da lambar sashen dokar, da matsayinsa, da tsawon ɗaurin, da kuɗin da aka ɗora maka. Lambar sashen dokar ita ce abu mafi muhimmanci, domin jihohi da dama suna da jerin laifuffukan da suka keɓe, kuma da lamba ake dubawa.

Sannan ka nemi tarihin laifuffukanka daga wuri biyu: rundunar 'yan sandan jiha ko ma'aikatar shari'arta, da kuma hukumar FBI. Na FBI ana nemansa ta intanet, a biya dala 18, a aika da hoton zanen yatsu. Idan an taɓa hukunta ka a jiha fiye da ɗaya, sai ka bi kowace kotu daban. Karanta su layi-layi. Ba abin mamaki ba ne ka tarar an rubuta cewa an kama ka amma ba a rubuta cewa an kori ƙarar ba, kuma irin wannan giɓi shi ke hana ruwa gudu daga baya.

Mataki na 2: Tabbatar cewa hukuncin ya ƙare da gaske

Fitowa daga kurkuku daban, ƙarewar hukunci daban. Bayan ɗauri akwai sakin talala, wato parole, da kuma zaman sa-idon kotu, wato probation. Wanda kotun tarayya ta ɗaure shi ma yakan shiga wani zangon sa ido bayan an sake shi. Nemi takardar sallama ta ƙarshe daga jami'in da ke sa maka ido ko daga ma'aikatar gidajen yari, mai ɗauke da ranar da komai ya ƙare.

Labarin Crystal Mason a Tekzas ya isa darasi. A zaɓen 2016 tana cikin zangon sa ido na tarayya bayan ta gama ɗauri kan laifin haraji, ta je rumfar zaɓe ta cike ƙuri'ar wucin gadi, wato wadda ake ajiyewa gefe sai an tabbatar mai ita ya cancanta. Ba a ma ƙirga ƙuri'ar ba, amma a 2018 aka yanke mata ɗaurin shekara biyar. Sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bayan shekarun da ta kwashe tana sintirin kotu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai batun kuɗi. Tambayi magatakarda ya ba ka lissafin abin da ake binka a rubuce, a rarrabe: tara, kuɗin kotu, da diyyar wanda aka cuta. Wasu jihohin ba ruwansu da wannan bashi wajen zaɓe, wasu kuwa shi ne ƙashin bayan maganar.

Mataki na 3: Gano dokar jihar da kake zaune

Kotun Ƙoli ta yanke tun 1974, a shari'ar Richardson da Ramirez, cewa jihohi suna da ikon hana masu manyan laifuffuka zaɓe. Shi ya sa kowace jiha take da nata tsarin. Dokar jihar da kake zaune ce ke aiki a kanka, ko da a wata jiha ko a kotun tarayya aka hukunta ka.

A Maine, Vermont da birnin Washintin, ba a ƙwace 'yancin zaɓe ko kaɗan, fursuna ma yana zaɓe daga ɗakinsa. A jihohi fiye da ashirin, ciki har da Niyu Yok, Kalifoniya, Meriland, Ohayo, Ilinoi da Minesota, 'yancin yana dawowa da zarar ka fito daga kurkuku, ko kana kan sakin talala. A Tekzas da Jojiya sai an gama sakin talala da sa-idon kotu duka. A waɗannan wurare babu wanda za ka roƙa, abin da ya rage kawai shi ne ka sake yin rajista. Abin takaici, mutane da yawa a irin waɗannan jihohi sun shafe shekaru ba sa zaɓe don kawai wani ya gaya musu a gidan yari cewa sun rasa damar har abada.

Wahalar tana cikin sauran jihohin. A Fulorida, masu zaɓe sun amince da gyaran tsarin mulkin jiha a Nuwamban 2018 da kusan kashi 65 cikin ɗari, wanda ya maido da 'yancin ga duk wanda ya kammala hukunci, ban da masu laifin kisan kai da manyan laifuffukan lalata. A 2019 majalisar jihar ta yi dokar da ta ce kammala hukunci ya haɗa da biyan duk tara da kuɗin kotu da diyya, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da hakan a 2020. A ganina wannan doka ta mayar da ƙuri'a abin da mai hali ke saya, amma doka ce, kuma da ita za a kama ka. Wanda ba shi da ƙarfin biya yana iya roƙon kotu ta mayar masa da bashin zuwa sa'o'in aikin al'umma. Ƙungiyar Florida Rights Restoration Coalition, wadda Desmond Meade ke jagoranta, tana da asusun taimaka wa mutane biyan irin wannan bashi.

A Bajiniya an daɗe gwamna ne ke da ikon maido da 'yancin, kuma salon ya riƙa canjawa da canjin gwamna: Terry McAuliffe ya maido wa dubun dubatar mutane, Glenn Youngkin kuma ya koma duba takardu ɗaya bayan ɗaya a 2023. A Kentaki, Gwamna Andy Beshear ya ba da umarni a Disamban 2019 da ya maido da 'yancin ga waɗanda laifinsu ba na tashin hankali ba ne. A Ayowa, Gwamna Kim Reynolds ta yi makamancin haka a Agustan 2020, ban da masu laifin kisa. Umarnin gwamna kuwa wani gwamnan na iya soke shi, kuma an taɓa yin haka a jihohin biyu: Ayowa a 2011, Kentaki a 2015. Misisifi ta fi kowa tsanani. Laifuffukan da ke cikin jerinta suna hana zaɓe har mutuwa, sai dai gwamna ya yi afuwa ko kashi biyu cikin uku na majalisun jihar biyu su amince da ƙuduri mai ɗauke da sunanka. A Alabama, laifuffukan da ke cikin jerin dokar 2017 ne ke hana zaɓe, kuma ana neman takardar cancanta daga hukumar afuwa ta jihar.

Waɗannan dokoki suna yawan canjawa, don haka ka duba shafin ofishin zaɓe na jiharka a makon da za ka nema. Ƙungiyar Campaign Legal Center tana da shafi mai suna Restore Your Vote da ke yi maka tambayoyi kaɗan ya nuna maka inda ka tsaya, kyauta.

Mataki na 4: Samu amsa a rubuce, sannan ka yi rajista

Idan jiharka tana cikin masu sauƙi, cike fom, ka duba sunanka ya fito a rajistar, shi ke nan. Idan akwai ƙwayar shakka, rubuta wa ofishin zaɓe na jiha, ka haɗa da kwafin hukuncinka da takardar sallama, ka nemi su faɗa maka a rubuce ko ka cancanta. Fulorida tana da hanyar neman irin wannan fatawa daga sashen zaɓenta.

Katin zaɓe da aka aiko maka ba hujja ba ce. A Agustan 2022 an kama mutum kusan ashirin a Fulorida bisa zargin sun yi zaɓe alhali laifuffukansu na cikin waɗanda aka keɓe, kuma da yawansu hukuma ce da kanta ta aika musu da kati. Kai ne ka sa hannu a kan rantsuwar, kai za a tuhuma.

Mataki na 5: Fahimci girman haramcin bindiga

Nan ne ake buƙatar nutsuwa. Dokar tarayya ta 1968 ta haramta wa duk wanda aka samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya ya mallaki bindiga ko harsashi. Lura da kyau: abin da alƙali yake da ikon yankewa ake dubawa, ba abin da ya yanke ba. Ko kwana ɗaya ba ka yi a tsare ba, haramcin na iya hawa kanka. Tun 2022 hukuncin karya wannan doka ya kai ɗaurin shekara 15. Harsashi guda a aljihun mota ya isa.

Mallaka kuma ba sai an ga bindiga a hannunka ba. Idan matarka ko ɗanka na da bindiga a gida kuma kana iya kaiwa gare ta, mai gabatar da ƙara zai ce kana da iko da ita. A sa ta cikin akwatin ƙarfe mai makulli wanda ba ka san lambarsa ba, ko a fitar da ita daga gidan. Akwai kuma dokar 1996 da ta hana bindiga ga wanda aka samu da laifin dukan iyali, ko da ƙaramin laifi aka rubuta. Tsofaffin bindigogi irin na toka, waɗanda ake ɗurawa ta baki, dokar tarayya ta keɓe yawancinsu, amma wasu jihohin sun haramta su ga mai tarihin laifi, saboda haka masu son farauta kada su yi gaggawa.

Wani abu da zai amfani baƙi: a 2005, a shari'ar Small, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kotun wata ƙasa ba ya cikin wannan haramci na tarayya. Sai dai jiha na iya samun tata dokar, kuma mai bizar ziyara ko ta karatu an hana shi bindiga ta wani sashe daban na dokar tarayya, sai da 'yan keɓance-keɓance.

Mataki na 6: Wace kotu ce ta hukunta ka?

Amsar ita ce za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kotun Ƙoli ta yanke a 1994, a shari'ar Beecham, cewa jiha ba ta iya cire haramcin da ya biyo bayan hukuncin kotun tarayya. Laifin jiha kuwa, jihar da ta yi hukuncin ce za ta warware shi, ba wadda ka koma ba.

Mataki na 7: Idan laifin na jiha ne

Dokar tarayya takan daina lissafa laifin idan jihar ta yi maka afuwa, ko ta share hukuncin, ko ta maido maka da haƙƙoƙinka na ɗan ƙasa, wato zaɓe, tsayawa takara da zama cikin masu taya alƙali. Amma da sharaɗi: kada ya zama jihar ta bar maka wani takunkumi kan bindiga. A shari'ar Caron ta 1998, Massachusetts ta bar mutumin ya riƙe doguwar bindiga amma ta taƙaita masa ƙarama, sai Kotun Ƙoli ta ce tunda akwai saura, haramcin tarayya ya hau kan dukkan bindigogi.

Tarkon Tekzas ya fi kowanne kama mutane. Dokar jihar ta bar mai tarihin laifi ya ajiye bindiga a gidansa bayan shekara biyar da gama hukunci. Mutum sai ya ji haka ya je ya samo, alhali haramcin tarayya yana nan daram. A Kalifoniya ma, sharewar da aka fi yi wa mutane bayan sun gama sa-idon kotu tana taimakawa wajen neman aiki amma ba ta maido da bindiga. Abin da ke aiki can shi ne a roƙi kotu ta sauke laifin zuwa ƙarami idan yana cikin masu fuska biyu, wato laifuffukan da doka ta yarda a ɗauke su babba ko ƙarami, ko a samu afuwar gwamna.

A Bajiniya hawa biyu ne: a fara maido da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, sannan ka shigar da buƙata a kotun yankinka kan bindiga, inda mai gabatar da ƙara zai iya ƙalubalantar ka. A Fulorida hukumar afuwa ta jiha ake roƙa, bayan shekara takwas da kammala hukunci. A Karolina ta Arewa, mai laifi guda wanda ba na tashin hankali ba sai ya jira shekara 20 kafin ya je kotu.

Mataki na 8: Idan laifin na tarayya ne

Hanyar da aka daɗe da sani ita ce afuwar shugaban ƙasa. Ana nema ta ofishin lauyan afuwa da ke Ma'aikatar Shari'a, bayan aƙalla shekara biyar da fitowa daga kurkuku. Jira ne mai tsawo, kuma kaɗan ke dacewa.

Akwai hanya ta biyu a cikin dokar bindigar kanta, sashe na 925(c), wanda ya ba mutum damar roƙon a ɗage masa haramcin. Hukumar ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ita ce ke duba takardun a da, amma tun 1992 majalisa ta hana ta kashe ko sisi a kan aikin, sai hanyar ta toshe fiye da shekara talatin. A Maris 2025 Ma'aikatar Shari'a ta karɓe aikin daga hannun ATF, kuma cikin mutum goma na farko da aka maido wa damar har da ɗan wasan fim Mel Gibson. A Yulin shekarar ma'aikatar ta fitar da daftarin ƙa'idoji da ya nuna za a riƙa ƙin masu laifuffukan tashin hankali, sauran kuma su jira shekara biyar ko goma bayan gama hukunci. Duba shafin ma'aikatar don ganin ƙa'idar da ke aiki ranar da za ka nema. Ko an ba ka, haramcin jiharka yana nan sai ka warware shi daban.

Za ka ji ana maganar shari'ar Bryan Range, mutumin Fensilbaniya da aka hana bindiga saboda ƙaryar da ya yi wajen neman tallafin abinci a 1995, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta ce haramcin bai dace da shi ba. Nasarar tasa ce shi kaɗai, bayan shekarun shari'a, kuma wasu kotunan sun yanke akasin haka. Ba lasisi ba ne ga kowa.

Mataki na 9: Shirya takardar roƙo

Alƙali ko hukumar afuwa abu ɗaya suke son sani: shin wannan mutumin barazana ne? Haɗa shaidar aiki ko sana'a, takardun haraji, shaidar biyan diyya, takardar kammala shirin barin ƙwaya idan ya shafe ka, da wasiƙun shaidar hali daga mutanen da suka san ka kuma suka san laifin da ka yi. Wasiƙar limami ko maigidanka a wurin aiki tana da nauyi idan ta ambaci abin da ya gani da idonsa, ba yabo kawai ba.

A bayaninka ka amsa laifin kai tsaye. Wanda ya ɓata shafi biyu yana zargin ɗan sanda da lauyansa na farko ya riga ya kayar da kansa. Kada ka ɓoye ko da ƙaramin kamu, domin tarihin yana gabansu. Faɗi dalilinka na son bindiga a sarari: farauta, aikin gadi, ko tsaron gida.

Mutanenmu suna da kunyar wannan magana, sai mutum ya gwammace ya tambayi aboki a ƙofar masallaci maimakon lauya. A batun zaɓe ana iya wucewa ba lauya. A batun bindiga ban ba kowa shawarar haka ba. Ofisoshin taimakon shari'a kyauta, da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, da cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i, da yawansu suna yin wannan aiki ba tare da karɓar kuɗi ba. Kuma idan ba sana'arka ko tsaronka ne ya tilasta ba, ka auna kuɗin da lokacin kafin ka shiga.

Mataki na 10: Gyara rajista kafin ka shiga shagon bindiga

Umarnin kotu ba ya shiga kwamfutar FBI da kansa a ranar. Karɓi kwafi mai hatimi, ka tabbatar magatakarda ya aika wa ma'ajiyar tarihin laifuffuka ta jiha, ka jira, sannan ka sake neman tarihinka ka ga ko an gyara. Ka sa lauya ya rubuta maka cewa haramcin jiha da na tarayya duk sun sauka.

A shago za a ba ka fom mai lamba 4473, wanda ke tambayar ko an taɓa samun ka da laifin da alƙali zai iya ɗaure ka fiye da shekara. Bayanin da ke jikin fom ɗin ya nuna yadda wanda aka yi wa afuwa ko aka maido wa haƙƙi zai amsa, ka karanta shi tare da lauyanka tun a gida, domin amsar ƙarya babban laifi ce mai zaman kanta. Kada ka je shago don gwada sa'a ka ga ko kwamfuta za ta wuce da kai. Idan NICS, wato tsarin FBI na binciken tarihin mai sayen bindiga, ya ƙi ka bayan ka cancanta, kana da damar ɗaukaka ƙara wurin FBI, kuma za ka iya neman lambar shaida ta musamman da ake kira UPIN, wadda za ka riƙa rubutawa a fom nan gaba don kada a sake rikita sunanka da tsohon tarihin.

Ajiye asalin takardun a wuri mai tsaro, ka ɗauki hotonsu a waya. Duk ranar da za ka ƙaura zuwa wata jiha, ka sake duba dokarta ta zaɓe da ta bindiga kafin ka loda kaya, domin wasu jihohin ba sa amincewa da maidowar da wata jiha ta yi, kuma lasisin yawo da bindiga a jiki takarda ce daban da ake nema a sabuwar jihar.